Wai akwai kalmomin da ke sa mutum ya sayi kaya, ko dai kayan ne ke sayar da kansu?

Maman_Iman:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a harkar talla. Jakunkuna nake sayarwa ta intanet, na makaranta da na hannu. Kwanakin baya na shiga wani aji na koyon rubutun talla, malamin ya ba mu jerin kalmomi 12, ya ce jami'ar Yale ta Amurka ce ta yi bincike ta gano babu kalmomin da suka kai su sa mutum ya ciro kuɗi. A ciki akwai "sabo", "sauƙi", "tabbaci", "sakamako", "lafiya" da "kai". Na bi tallace-tallacena ɗaya bayan ɗaya na zuba musu su, amma ciniki yana nan jiya i yau. Ga kuma wata da muke sarin kaya wuri ɗaya, ita kullum rubutunta "saura uku kacal, wanda ya riga ya samu", kuma kayanta tafiya suke yi. To da gaske akwai kalmomin da ke sa a saya? In akwai, waɗanne ne?

MaiAlƙalami:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mu fara da jerin nan. Ya daɗe yana yawo tun kafin zuwan intanet, a jaridu da wuraren koyar da kasuwanci, wannan ya jingina shi ga wata jami'a, wancan ga wata, kuma waɗanda suka bi diddiginsa ba su ci karo da takardar binciken ba. Abin dariyar shi ne malamin naku dabarar talla ya yi muku: ya ambaci babban suna don ku karɓa ba musu. Ga shi kuwa ta ci, tunda har kin je kin sake rubutunki gaba ɗaya.

Ɗan_Kasuwa_Ne:
Ko ma wa ya rubuta jerin, magana tana sayar da kaya. Ku sa mutum biyu su tallata abu ɗaya, mai baki zai sayar ya tashi ya bar ɗayan yana kora ƙuda. Wannan ba sai an je jami'a ba.

Malam_Lissafi:
Duka ku biyun kuna da gaskiya, sai dai kowa ya kama gefe ɗaya. Bari in kawo binciken da aka yi da gaske. A 1978 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Ellen Langer, da abokan aikinta sun gwada wani abu a layin injin kwafar takardu a wani ɗakin karatu. Mutum zai zo ya roƙi wanda ke shirin amfani da injin ya bar shi ya riga shi, shafi 5 ne kawai zai kwafa. In ya roƙa ba tare da dalili ba, kashi 60 cikin 100 suka yarda. In ya ce "saboda ina sauri", kashi 94. In kuma ya ce "saboda ina so in kwafi takardu", wanda ba dalili ba ne tunda kowa abin da ya kawo shi ke nan, kashi 93 suka yarda. Masu koyar da talla a nan suke tsayawa, su ce ka ga, "saboda" tana da sihiri.

Abin da ba su cika faɗa ba shi ne sauran rabin gwajin. Da aka mai da shafukan 20, dalilin banza ya daina aiki: kashi 24 ne suka yarda, daidai da wanda bai kawo dalili ba, dalili na gaske kuwa ya samu kashi 42. Wato in abin da kake nema a wurin mutum ƙarami ne, siffar magana ta wadatar. In zai taɓa aljihunsa ko lokacinsa sosai, sai ya saurari abin da ke cikin maganar. Jakar da uwa za ta saya wa ɗanta ta shekara guda tana cikin rukuni na biyu.

Sabon_Shiga:
Malam, to "kyauta" fa? Ni dai ko me nake yi in na ga an rubuta kyauta sai na tsaya.

Malam_Lissafi:
Ita kam tana da ƙarfi, an auna. Dan Ariely da abokan aikinsa sun ajiye cakulan iri biyu, mai tsada na Lindt a kan senti 15 da ƙaramin Hershey a kan senti 1. Kashi 73 suka ɗauki mai tsadar. Sai aka rage senti ɗaya daga kowanne, mai tsada ya koma 14, ƙaramin ya zama kyauta. Tazarar ba ta canza ba, amma kashi 69 suka koma wa na kyautar. Sai dai ka lura, kyautar ta gaske ce. Ba rubutawa aka yi kawai ba, an miƙa abin an ce ɗauki.

Kwastoma_Ce_Ni:
Ni ba na sayar da komai, saye nake yi, kuma ku ba ni dama in amayar da abin da ke cikina. Wallahi in na ga "ingantacce", "na asali", "babu kamarsa", "farashi mai rahusa" a talla ɗaya, wucewa nake yi. Ba don ina zargin ƙarya ba ne, idona ne ya daina ganinsu. Kowa kayansa ingantacce ne. Ban taɓa ganin wanda ya rubuta "nawa matsakaici ne" ba. Abin da nake nema: girmanta nawa, kwamfuta za ta shiga, ruwa yana ratsa ta, in zif ya lalace a makon farko za ki canza min? Sai in karanta layi goma na kirari, ko ɗaya daga cikin waɗannan babu, ƙarshe a ce "ki yi min magana ta akwatin sirri don jin farashi". Ba zan yi ba. Mai ɓoye farashi, a zuciyata, so yake ya ga fuskata tukuna kafin ya yanka.

Ummu_Sadiq:
Kin faɗi abin da ke raina, 'yar uwa. Maganar ɓoye farashin nan ta ishe ni.

Ɗan_Kasuwa_Ne:
Ba mugunta ba ce ɓoye farashi. In ka sa shi a fili, abokin gasa ya gani ya rage kaɗan ya kwashe maka mutane. Kuma wanda ya yi maka magana ya riga ya taka rabin hanya, sauran aikin baki ne.

Kwastoma_Ce_Ni:
Wanda ya yi maka magana kake ƙirgawa, Alhaji. Mu da muka wuce shiru ba ka san yawanmu ba.

MaiAlƙalami:
Maganar Kwastoma_Ce_Ni ita ce darasin da manyan marubutan talla suka daɗe suna nanatawa. David Ogilvy, a babban kanun tallar motar Rolls-Royce ta 1958, bai ce motar ta fi kowace inganci ba. Cewa ya yi in tana gudun mil 60 a awa, ƙarar da ta fi ƙarfi a cikinta ita ce ta agogon lantarki. Mai karatu ne da kansa zai ce lallai motar nan ba ta da hayaniya, kuma abin da mutum ya yanke da kansa ba ya musunsa. Haka Apple a 2001 da suka fito da iPod, na'urar sauraron waƙa, tana da ma'aji mai gigabait 5, amma abin da suka sa a gaba shi ne waƙa 1,000 a aljihunka. Lamba ɗaya ce, an juya ta zuwa abin da mai saye zai iya gani.

Hajiya Maman_Iman, ki ɗauki jakar makarantar nan ki tambayi kanki me uwa ke tsoro. Kar hannun ya tsinke kafin zangon farko ya ƙare, kar littattafai su jiƙe, kar ta yi wa yaro nauyi. In jakarki ɗinki biyu aka yi wa hannunta, ki faɗi haka. In litattafai manya shida suna shiga, ki faɗi shida, bayan kin zuba kin gani.

Maman_Iman:
Na gode Malam. Amma ba ku amsa min batun abokiyar tawa ba. Ita ba ta bayanin ɗinki ko zif. "Saura uku" kawai, kuma ana saye.

Malam_Lissafi:
Wannan ma sananne ne. A 1975 Stephen Worchel da abokansa sun ba mutane biskit iri ɗaya, wasu daga kwalba mai guda 10, wasu daga mai guda 2. Waɗanda suka ci daga mai guda 2 sun fi ganin darajarsa. Sannan Daniel Kahneman da Amos Tversky, a aikinsu na 1979, sun nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba nauyi a zuciyar mutum. Shi ya sa "kar ya wuce ki" ya fi "zo ki samu" tsikarar mutum. Abokiyarki wannan igiyar take ja.

Baffa_Mai_Furfura:
Yaran nan, kun yi ta kawo Turawa, ba wanda ya yi tambayar da ta fi muhimmanci. Saura ukun ne da gaske? In tana da katan biyu a ɗaki tana rubuta saura uku, sunan abin ƙarya, ko da masana dubu sun ce yana aiki. Hadisi ya inganta daga Abu Huraira cewa rantsuwa tana sa haja ta tafi amma tana shafe albarka. Ku duba, ba a ce ba ta aiki ba. An yarda tana sayar da kaya. Abin da take ci ne aka faɗa mana. Ɗiyata, kar cinikin wata ya ɗaga miki hankali, ba ki san abin da ke saura a hannunta ba.

Maman_Iman:
Allah ya ƙara girma Baffa. Ni ma abin da ya hana ni kwaikwayonta ke nan.

Ɗan_Kasuwa_Ne:
Baffa, da girmanka, ai ba rantsuwa ta yi ba. Salon kasuwa ne, kowa ya san ba a ɗaukarsa a zahiri. Kamar a ce "kar ka bari a ba ka labari".

Baffa_Mai_Furfura:
"Kar ka bari a ba ka labari" zuga ce, ba ta ƙunshi labarin da za a ce gaskiya ne ko ƙarya. "Saura uku" adadi ne. In kowa ya san ba gaskiya ba ne, me zai sa ya yi sauri? Yana aiki ne a kan wanda ya gaskata, shi ne kuwa aka cuta.

Yar_Shari'a:
Rabewar da Baffa ya yi ita ce kusan wadda dokoki ke yi a ƙasashe da dama. Kambamawa irin ta "mafi daɗi a duniya" kotuna ba su cika damuwa da ita ba, don ba mai hankalin da zai auna ta. Amma iƙirarin da za a iya aunawa, sai ka kare shi. A Fabrairun 2019 hukumar kula da gasa da kasuwanni ta Birtaniya ta sa manyan shafukan kama ɗakin otal guda shida, ciki har da Booking.com da Expedia da Agoda, suka yi alkawarin kauce wa matsa wa mutane da saƙonni masu nuna kamar ɗakuna sun kusa ƙarewa alhali ba haka ba ne. Misali a ce maka mutane kaza suna duba otal ɗin nan yanzu, alhali wasu ranaku daban suke nema. A Tarayyar Turai kuma tun 2022, in ka ce ka yi rangwame, dole farashin da ka soke ya zama mafi ƙanƙantar da ka sayar a kwana 30 da suka wuce. An yi haka ne don masu ɗaga farashi yau su "rage" shi gobe.

Sabon_Shiga:
Na taɓa jin wai an ci tarar Red Bull saboda sun ce abin shansu yana ba da fukafukai, wani ya sha bai tashi sama ba.

Yar_Shari'a:
Haka ake ba da labarin don a yi dariya, amma ba kan fukafukai aka yi shari'ar ba, kuma ba tara ba ce. Masu ƙara a Amurka cewa suka yi kamfanin yana nuna abin shan yana ƙara kuzari da natsuwa fiye da abin da kofin gahawa zai ba ka, ba tare da hujja ba. A 2014 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 13 a sasanta, bai kuma amsa laifi ba.

Jamilu_Dijital:
Ni aikina ke nan, ina gudanar wa ƙananan 'yan kasuwa talla a Facebook da Instagram, kuma zan ɗan ɓata wa ɓangaren gaskiya-zalla rai. Ba ina cewa a yi ƙarya ba. Amma masu cewa ka faɗi farashinka tsakani da Allah ka bar maganar rangwame, su duba abin da ya sami JC Penney, wani babban kantin sutura a Amurka. A 2012 sabon shugabansu Ron Johnson, wanda ya zo daga Apple, ya soke yawancin garaɓasa da takardun ragi, ya ce za a sa farashi mai sauƙi na dindindin ba wasa da hankali. Cinikin shekarar ya faɗi da kusan kashi 25 cikin 100, a Afrilun 2013 aka sallame shi. Mutane ba arahar kaɗai suke so ba, suna son jin cewa sun yi dabara sun samu. Don haka in za ki yi ragi na gaske, kar ki ji kunyar buga masa ganga, ki sa ranar da zai ƙare, kuma in ranar ta zo ki rufe.

Abu na biyu, duk wanda ya ce miki ga kalmar da ke aiki, ki ce masa a kan wa. Na sha ganin rubutun da na raina ya doke wanda na ɓata dare ina gogewa. Hanya ɗaya ce: ki rubuta iri biyu, hoto ɗaya, farashi ɗaya, lokaci ɗaya, layin farko kawai ya bambanta, ki ga wanne ya kawo masu biya. Masu biya na ce, ba masu danna alamar so ba. Wannan ba sabon abu ba ne, marubucin talla Claude Hopkins tun shekarun 1920 yake sa wa takardun ragi lambobi daban-daban a jaridu don ya san wace talla ce ta kawo mai saye.

Malam_Lissafi:
Na yarda da gwaji, amma a yi hattara. Mai sayar da jaka goma a mako in ya ga wannan ta kawo shida waccan huɗu, bai gano komai ba, sa'a ce kawai za ta iya yin haka. Manyan kamfanoni dubban mutane suke gwadawa a kai. Ƙaramin ɗan kasuwa gara ya buɗe saƙonnin kwastomominsa ya ga tambayar da aka fi maimaita masa, ya mai da amsarta layin farko.

Jamilu_Dijital:
Wannan gaskiya ne. Kuma kalmomin da kwastoma ya yi amfani da su wajen yabon kaya sun fi naka. In wata ta rubuto "har yanzu kamar jiya na saya", ki nemi izininta ki sa shi yadda yake.

Yar_Shari'a:
Da sharaɗin ita ta rubuta. Hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta fitar da doka a 2024 da ta haramta ƙirƙira ko sayen sharhin yabo na bogi. Masu sa ƙannensu su rubuta "kaya sun iso, na gode" su ji.

Ummu_Sadiq:
Tunda an zo nan, ni wata matsalar ce ke damuna. In zan rubuta talla, "ka" zan ce, ko "ki", ko "ku"? In na ce "ki" maza sun fita, in na ce "ku" sai in ji kamar sanarwa nake karantawa.

MaiAlƙalami:
Ki duba wa ke biya. In kaso mafi yawa mata ne, ki yi magana da mace ɗaya, namijin da ke son kayan ba zai fasa ba. Rubutun da ke magana da kowa ba ya kama kowa. "Ku" tana da amfani in kayan na girmamawa ne ko masu sayen manya ne.

Ɗan_Kasuwa_Ne:
Ni "ku" nake sawa kuma ban ga ta rage min komai ba. Kuna wahalar da abu mai sauƙi.

Kwastoma_Ce_Ni:
Ni dai kar a kira ni "masoyiya" ko "sarauniya" alhali ba a san ni ba. Da na gani na san za a tsuga min kuɗi.

Malam_Lissafi:
Bari in dawo da mu kan tambayar farko da wani gwaji da nake ganin ya fi duk waɗanda na kawo dacewa. A 1988 Irwin Levin da Gary Gaeth sun ba mutane niƙaƙƙen nama iri ɗaya. Wasu aka ce musu kashi 75 tsoka ne, wasu aka ce kashi 25 kitse ne. Magana ɗaya ce, kuma duka gaskiya. Waɗanda suka ji "tsoka" sun fi yaba shi. Amma da aka ba su suka ɗanɗana, tazarar ta ragu. Kafin kaya su isa hannu, magana ce ke mulki. Bayan sun isa, ƙarfinta ya ragu. Mai sayarwa ta intanet kuwa duk cinikinsa na farko kafin a taɓa kaya ake yinsa, shi ya sa ba zan ce wa Hajiya ta raina rubutu ba.

Ɗan_Kasuwa_Ne:
To ai maganata ke nan tun farko, kuka yi min ca.

Baffa_Mai_Furfura:
Ba ita ba ce. Shi ya ce ka zaɓi wadda ta fi kyau cikin gaskiya biyu. Kai kuwa kana kare ukun da ba uku ba.

Maman_Iman:
Na karanta duka, Allah ya saka. Ga abin da na rubuta yanzu, ku duba min. Na farko: "Jakar makaranta mai ɗinki biyu a hannu, manyan littattafai shida suna shiga, yayyafi ba ya ratsa ta. In zif ya lalace cikin wata ɗaya, ki dawo da ita a canza miki." Na biyu: "Kin gaji da sayen jaka kowane zango? Wannan ɗinki biyu gare ta a hannu, inda sauran suke fara tsinkewa." A ƙasan kowanne zan sa farashi da kuɗin aikawa.

Jamilu_Dijital:
Na biyun zai fi tsayar da mai wucewa, don ya fara da ciwon da take ji. Ki ɗauko maganar canza zif daga na farko ki liƙa masa a ƙarshe.

MaiAlƙalami:
Ni na farkon na fi so. Tambayar "kin gaji da kaza?" ta yi yawa a intanet, ta kusa bin sahun "ingantacce". Kuma "inda sauran suke fara tsinkewa" sukar kayan wasu ce, ba ki buƙatarta.

Yar_Shari'a:
Kafin ki rubuta "yayyafi ba ya ratsa ta", ki zuba mata ruwa da takarda a ciki ki gani. Kuma alkawarin canzawa, wa zai biya kuɗin dawo da ita? Ki fayyace tun yanzu, a nan rigima take tashi.

Kwastoma_Ce_Ni:
Duka biyun ba ki faɗi tsawo da faɗinta ba. Littattafai shida na ɗan aji nawa? Ki sa awon, ki kuma ɗauki hotonta a bayan yaro don a ga girmanta.

Sabon_Shiga:
Malam Jamilu, gwajin nan na rubutu biyu, dole sai an biya kuɗin talla ake yinsa, ko zan iya sa ɗaya yau ɗaya gobe a shafina?

Jamilu_Dijital:
Za ka iya, amma yau da gobe ba mutane ɗaya ne ke kan waya ba, kuma ƙarshen wata ba tsakiyar wata ba ne. In ba ka da kuɗin talla, ka raba jerin waɗanda kake tura wa saƙo gida biyu, ka tura musu a lokaci ɗaya.